Tarihin Littafin Saurare Da Masu Karanta Shi

 Yau za mu waiwayi tarihin littafin saurare, wato littafin da wani ya karanta aka naɗi muryarsa, sannan mu duba masu karantawar da ake ta muhawara a kansu. Dalilin ɗauko batun shi ne, da yawa daga cikin masu bibiyar labaranmu yanzu da kunne suke bi: tela yana kan kekensa, uwargida tana gaban murhu, direba yana kan hanya. Marubucin da bai damu da yadda rubutunsa ke fita a bakin wani ba, yana iya shafe shekara yana gini, mai karatu ya rushe masa cikin awa guda.

Tun kafin a ƙirƙiro na'urar naɗar murya akwai masu cin abinci da karanta wa mutane littafi. A birnin Habana na ƙasar Kyuba, daga 1865, ma'aikatan masana'antun naɗa taba sukan yi karo-karo daga albashinsu su ɗauki mutum guda ya hau kan dandamali yana karanta musu jarida da littattafan labari suna aiki. Su ne ke zaɓen littafin, su ne kuma ke biyan mai karatun, don haka wanda muryarsa ba ta kai ƙarshen zaure ba, ko karatunsa ba ya da armashi, ba ya daɗewa. Al'adar ta bi ma'aikatan zuwa garin Tampa na Amurka, har zuwa 1931 lokacin da masu masana'antu suka hana, bisa zargin cewa karatun yana cusa wa ma'aikata ra'ayin yajin aiki.

A 1877 Thomas Edison ya ƙera garmaho, a shekarar da ta biyo kuma ya jera amfanin da yake hasashen za a yi da shi, ciki har da littattafai masu magana domin makafi. Sai dai na'urorin farko 'yan mintoci kaɗan suke ɗauka, ta yadda littafi guda zai ci ɗaruruwan faya-fayai. Sai da aka shafe fiye da shekara hamsin kafin hasashen ya tabbata. A 1934 Gidauniyar Makafi ta Amurka da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin ƙasar suka fara rarraba faya-fayai masu ɗaukar kusan minti 15 a kowane gefe. A Ingila an fara a 1935, musamman saboda sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda makanta ta same su da girma, koyon rubutun makafi ya yi musu wuya. Cikin littattafan farko da aka naɗa musu akwai The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie. Abin lura shi ne, dogon faifan nan bai shiga kasuwar waƙoƙi sosai ba sai 1948, ke nan makafi sun riga sauran jama'a morarsa da shekaru.

Muhawarar da ake yi yau kan masu karatu a wancan lokacin ta faro. Hukumomin makafi sun fi son mai karatu ya bi rubutu yadda yake, ba tare da kwaikwayon muryoyi ba, domin a ganinsu shi idon makaho ne kawai, bai kamata ya shiga tsakanin marubuci da mai saurare ba. Wasu masu sauraren kuma suna ganin karatun da ba shi da motsi barci yake sawa. Masani Matthew Rubery ya bi diddigin wannan ja-in-ja a littafinsa The Untold Story of the Talking Book na 2016.

Kasuwanci ya shigo a 1952, lokacin da wasu 'yan mata biyu da suka gama kwaleji a Amurka, Barbara Holdridge da Marianne Mantell, suka kafa kamfanin Caedmon, suka naɗi mawaƙi Dylan Thomas yana karanta rubutunsa da bakinsa. Daga nan kaset ya zo a 1963, ƙaramar rakodar Walkman ta Sony ta biyo a 1979, masu doguwar tafiya a mota suka zama manyan masu saye. Zamanin kaset ya zo da nasa aibin: don a rage tsada, kamfanoni da yawa sukan datse littafi ya koma kaset biyu, a zubar da fiye da rabinsa. Kamfanin Audible da aka kafa a 1995, wanda Amazon ta saya a 2008, shi ya mayar da harkar kan intanet, tsawon littafi ya daina zama matsala.

To, me masu saurare ke nema daga mai karatu? Amsar ta danganta da irin littafin.

Labaran almara, masu mayu da dodanni da dauloli na ƙirƙira, su suka fi gwada gwanintar mai karatu, saboda yawan taurari da baƙin sunaye. Littattafan Harry Potter mutum biyu suka fi shahara da karanta su, Jim Dale a Amurka da Stephen Fry a Ingila, har yau kuma masoyansu ba su daidaita ba. Dale yakan ba kowane tauraro muryarsa daban, ya kuma ci kyautar Grammy sau biyu da wannan aikin. Fry ya fi kama da kakan da ke ba jikoki labari cikin natsuwa. Roy Dotrice ya shiga kundin Guinness da muryoyi 224 a littafin A Game of Thrones, amma masu saurare sun yi ta ƙorafin cewa a littattafan da suka biyo baya ya sauya muryar wasu taurari da yadda yake furta sunayensu. Rob Inglis, da ya karanta The Lord of the Rings a 1990, har rera waƙoƙin cikin littafin ya yi. Ra'ayinmu a nan shi ne, yawan muryoyi abin burgewa ne, amma riƙe murya guda ga tauraro guda tun daga farko har ƙarshe ya fi muhimmanci. Mai saurare ba shi da shafin da zai koma ya duba wa ke magana.

Littafin kimiyya matsalarsa daban ce. Jadawali da zane da lissafi ba sa jiyuwa a kunne. Stephen Hawking ya faɗa cewa an gargaɗe shi kowane lissafi da ya sa a littafinsa A Brief History of Time na 1988 zai rage masu saye da rabi, sai ya bar guda ɗaya tak. Wannan shawara da aka ba shi don masu karatu da ido, ita ta sa littafin ya yi sauƙin saurare. Wanda bai fahimci abin da yake karantawa ba kuwa, muryarsa ce ke tona shi, domin zai tsaya inda bai kamata ba, ya ƙarfafa kalmar da ba ita ce jigon jimla ba. Shi ya sa mutane da yawa ke jin daɗin masanin taurari Neil deGrasse Tyson idan yana karanta littafinsa da kansa.

A littafin tarihi, abu na farko shi ne furta sunayen mutane da garuruwa daidai, na biyu kuma kame kai. Mai karatun da ya sa kuka ko fushi a muryarsa yana karanta labarin yaƙi, ya yanke hukuncin da marubuci bai yanke ba. A tarihin rayuwa kam, mai abu ya fi kowa iyawa in yana da murya. Barack Obama ya ci Grammy a 2006 da karatun Dreams from My Father, Trevor Noah kuma a Born a Crime yana juya harshe zuwa Zulu da Kosa da sauran harsunan Afirka ta Kudu yadda baƙo ba zai iya ba.

Mu a ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne, domin adabinmu na boko da kunne ya fara yaɗuwa. Lokacin da aka buga Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar bayan gasar 1933, da kuma lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, masu iya karatun boko kaɗan ne, mutum guda ke karantawa jama'a su kewaye shi. Abubakar Imam ya san da haka. Magana Jari Ce gaba ɗayansa an gina shi ne a kan aku mai ba da labari da baki, jimlolinsa kuma ba sa sarƙe harshe. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi, wanda shi kansa makaho ne, ta bakin masu rerawa ta zagaye ƙasa. Gidajen rediyo sun ɗora da karanta littattafai, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ma ana karanta labaran da suka yi fice. Yanzu kuma tashoshin YouTube da katin waya sun cika da labaranmu.

Akwai darasi uku da za mu ɗauka. Na farko, rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na iya zama wurin zama ko na tuwo, kuka na iya zama hawaye ko bishiya, "ya zo" na iya zama labari ko umarni. In muka ƙara da watsi da baƙaƙe masu ƙugiya, baki da baƙi suka zama ɗaya, mun haƙa wa mai karatu rami. Sai mu gina jimla yadda ma'anar za ta fito tun kafin ya kai ga kalmar, mu kuma daina taƙaita kalmomi irin na hirar waya.

Na biyu, mu riƙa karanta kowane babi da ƙarfi kafin mu sake shi. Inda numfashi ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, a raba ta. Inda mutum uku ke magana ba a san mai faɗin me ba, a ambaci suna. Taurari biyu masu suna kusan ɗaya, kamar Hafsa da Hafiza, a sauya wa ɗaya.

Na uku shi ne haƙƙi. Naɗar littafi da murya haƙƙin marubuci ne, kamar buga shi a takarda. Duk wanda zai karanta littafinmu a tasharsa, mu yi yarjejeniya da shi a rubuce: nawa zai biya, tsawon wane lokaci, kuma ba zai datse ko ya ƙara komai ba sai da izini. Mu nemi ya turo mana gwajin babi guda mu ji kafin mu amince. Amma kada mu manta da waɗanda aka fara harkar dominsu. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, ta sauƙaƙa samar wa makafi littattafai ta hanyar da za su iya amfana. Zai yi kyau ƙungiyoyinmu na marubuta su zauna da ƙungiyoyin makafi na jihohinmu a ga littattafan da suke so a fara naɗa musu, musamman na tarihi da kimiyya irin su Ikon Allah, waɗanda tashoshin labaran soyayya ba sa waiwaya.

Aikinmu na wannan makon: kowa ya ɗauki shafi guda na rubutunsa ya ba wani ya karanta masa da ƙarfi, ba tare da ya yi masa bayani ba, ya lura da duk inda ya yi tuntuɓe, sannan ya zo ya gaya mana abin da ya gyara. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.