Kisan Kyaftin Moloney a Keffi da Sauyin Alƙalamin Masana Tarihin Mulkin Ingila

1.0 Gabatarwa

Tarihin Ingila bai tsaya a bakin tekun da ya kewaye ta ba, domin wani ɓangare nasa a ƙasar da a yau ake kira Jihar Nasarawa aka yi shi. Wannan maƙala za ta dubi yadda masana suka riƙa sauya fassarar abin da ya auku a Keffi a shekarar 1902, lokacin da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Moloney.

2.0 Riwayar Masu Mulki

Bayan kisan, Magaji ya nufi Kano, inda Sarki Aliyu Babba ya karɓe shi hannu bibbiyu. Lugga ya riƙe wannan a matsayin hujjar kai wa Kano yaƙi, birnin kuwa ya faɗi a watan Fabrairun 1903. A rahotannin Turawa, Magaji mai farautar bayi ne kawai, yaƙin kuma horo ne ga mai ɓoye mai laifi. Tarihin rayuwar Lugga da Margery Perham ta wallafa cikin juzu'i biyu, a 1956 da 1960, ya dogara ƙwarai a kan takardun shi Luggan.

3.0 Sake Nazari

A 1964 D.J.M. Muffett, wanda tsohon jami'in mulki ne, ya haɗa takardun gwamnati da bayanan dattawa, ya nuna cewa Lugga ya riga ya ƙudura cin Kano da Sakkwato. R.A. Adeleye ya biyo baya a 1971, ya ɗauki turjiyar sarakuna a matsayin kare ƙasa da addini. Sai kuma Mahmud Modibbo Tukur, wanda a kundin digirinsa na uku na Jami'ar Ahmadu Bello, 1979, ya bi rahotannin Turawa ɗaya bayan ɗaya yana fito da saɓanin da ke cikinsu. Abin takaici, sai a 2016 aka buga wannan aiki a Dakar, shekara 28 bayan rasuwarsa.

Moses Ochonu ya ƙara buɗe wata ƙofa. A littafinsa na 2014 ya nuna yadda Turawa suka yi amfani da wakilai Hausawa da Fulani wajen mallakar ƙabilun tsakiyar Nijeriya. Wannan ya tilasta wa mai nazari ya tambaya: yaya Eggon da Mada da Gwandara suka ɗauki Magaji? Gwarzon wani yana iya zama azzalumin wani. A Ingila ma, a 2011 gwamnati ta amsa cewa ta ɓoye dubban fayilolin ƙasashen da ta mallaka a Hanslope Park, abin da ya ƙara wa masana shakku game da cikar taskokin tarihi.

4.0 Kammalawa

Galibin waɗannan littattafai da Turanci aka rubuta su, a ƙasashen waje aka buga su, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin ɗalibi. Ga shi dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa. Saboda haka, ya wajaba Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jiha da ke Keffi su tattara waɗannan riwayoyi cikin harsunan masu su, su gwama su da fayilolin Taskar Tarihi ta Kaduna, sa'annan su wallafa sakamakon da Hausa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.