Kukan Jariri da Rajistar Na'ura: Ungozomar Ƙauye da Ƙididdigar Mutuwar Jarirai a Yankin Wad Haddad

Tsakure

Maƙalar ta duba shirin shigar da mutuwar jarirai cikin kwamfuta ta fuskar ungozomar da ke karɓar haihuwa a ƙauyukan Hausawa na kudancin Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, daga Wad Haddad zuwa Mai Wurno. Ta nuna cewa a ɗakin mai jego kuskuren yake faruwa, tun ba a kai ga na'ura ba.

Gabatarwa

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa jarirai kusan miliyan 2 aka haifa babu rai a 2019. Burin da ƙasashe suka amince da shi a 2014 shi ne kada adadin ya wuce 12 cikin haihuwa 1,000 kafin 2030. Sudan na cikin masu amfani da manhajar DHIS2 ta Jami'ar Oslo, kuma masu goyon bayanta na ganin da zarar an bar takarda an koma na'ura, alƙaluma za su daidaita. Da su muke jayayya. Binciken MICS na 2014 ya nuna jarirai 33 cikin 1,000 na mutuwa a watan farko a Sudan, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na haihuwa a gida ake yi. Kinney da abokan aikinta (2021) sun yi daidai da suka ce tsoron ɗora laifi na hana ma'aikata ba da rahoto, sai dai galibin rubuce-rubucen da suka tattara a asibiti suka tsaya.

Hanyar bincike

An kwatanta ma'anar haihuwa da rai a wajen Hukumar Lafiya ta Duniya da hukuncin mazhabar Malikiyya, aka auna su da aikin ungozoma kamar yadda aka rubuta shi.

Sakamako

A wajen Hukumar, jaririn da ya ja numfashi, ko zuciyarsa ta buga, ko cibiyarsa ta harba, ko ya motsa gaɓa, da rai aka haife shi, ko da ya koma bayan minti ɗaya. A Risala kuwa, da Muhtasar na Halil, littattafan Malikiyya da malaman yankin ke karantarwa, kuka ne ma'auni. Wanda bai yi kuka ba ba a yi masa salla, ba ya gado, kuma a cewar Halil motsi ko atishawa kaɗai ba su isa ba sai rayuwa ta tabbata.

Ungozoma tana tsakanin ma'auni biyun. Idan jariri ya fito yana shiɗewa, aka yi ta murza bayansa bai yi kuka ba, abin da dangi za su faɗa wa liman shi ne "bai zo da rai ba", kuma shi za ta kai cibiyar lafiya a ƙarshen wata. Ba ƙarya ta yi ba. Amma a lissafin likita wannan mutuwar jariri ce ta shaƙewa lokacin haihuwa, wadda ake iya hanawa da jakar hura iska. In an rubuta ta a matsayin mutuwar cikin ciki, sai hukuma ta ga kamar awon ciki ne ya gaza, alhali kayan farfaɗo da jariri ne babu. Ga kuma abin da ke jan ta ga rubuta ta haka: wanda ya mutu a ciki ƙaddara ce, wanda ya mutu a hannunta kuwa sai an yi mata tambayoyi. Na'ura ba ta san wannan ba. Abin da aka ba ta take tarawa.

Gyara kuwa mai yiwuwa ne, domin Sudan ta san yadda ake daidaita aiki da ma'aikaciya. Makarantar ungozoma ta Omdurman, wadda Mabel Wolff ta buɗe a 1921, ta koyar da matan da ba su iya karatu ba gane magani ta ƙanshi da ɗanɗano.

Iyakar binciken

Gaskiya ne alƙaluman na ƙasa baki ɗaya ne, kuma sun girmi yaƙin da ya kai ga faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023 da katsewar intanet a Fabrairu 2024. Yaƙin ya ƙara yawan masu haihuwa nesa da asibiti ne, don haka bai rage wa hujjar ƙarfi ba.

Shawara

A cire gurbin "da rai ko babu rai" daga fom ɗin ungozoma, a maye shi da tambayoyi huɗu cikin Hausa da Larabci: ya yi kuka, ya yi numfashi, ya motsa, fatarsa ta saɓule? Manhaja ta yanke hukunci da kanta, ta kuma karɓi jaririn da bai kai ranar suna ba da sunan mahaifiyarsa. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jazira ta tabbatar a rubuce cewa rahoton ba zai zama hujjar ladabtar da ungozoma ba.