Aloha: gaisuwar da ta shiga kurkuku tare da sarauniya

'Yan'uwa, yawancinmu mun san kalmar "aloha" daga finafinai, inda ake rataya wa baƙo furanni a wuya. A tsibiran Hawai da ke tsakiyar Tekun Pasifik, nauyin kalmar ya wuce haka. Da ita ake marabtar mutum, da ita ake sallamarsa, ita ce kuma ƙauna da tausayi da jinƙai. Da safe su ce "aloha kakahiaka", da yamma "aloha ahiahi". Wanda zai ce "ina ƙaunarka" yakan ce "aloha au iā ʻoe". A al'adarsu ta dā akwai "honi": mutum biyu su haɗa hanci su shaƙi numfashin juna. Ba za ka iya gaida wani haka daga nesa ba.

Masu bishara daga Amurka sun isa Hawai a 1820. Tare da 'yan ƙasar suka tsara rubutun harshen, a 1839 kuma aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki. Da suka zo 1 Korintiyawa 13 da 1 Yohanna 4:8, ba su ƙirƙiro sabuwar kalma don ƙauna ba. Suka ɗauki aloha, wadda ke bakin kowa kullum.

An gwada kalmar a Janairun 1893, sa'ad da wasu attajirai, da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, suka hamɓarar da Sarauniya Liliʻuokalani. Abin da ya kamata ya girgiza mu shi ne, cikin jagororinsu har da 'ya'ya da jikokin masu bisharar nan, irin su Sanford Dole da Lorrin Thurston. A 1895, bayan yunƙurin mayar da ita kan mulki ya ci tura, aka tsare ta a ɗaki ɗaya a benen fadar ʻIolani kusan wata takwas. A ɗakin nan ta rubuta waƙar addu'a mai suna "Ke Aloha o ka Haku", wato ƙaunar Ubangiji, tana roƙon a gafarta wa mutane muguntarsu. Har yau ana rera ta a majami'un Hawai.

Gafarar ba ta rufe mata baki ba. A 1897 ta kai ƙorafinta a rubuce Washington kan shirin haɗe ƙasarta da Amurka, yayin da ƙungiyar Hui Aloha ʻĀina, ma'ana masu ƙaunar ƙasa, ta tara sa hannun mutane sama da 21,000 kan ƙin amincewa. Duk da haka aka haɗe Hawai a 1898. Tun 1896 doka ta mai da Turanci harshen koyarwa a makarantu, harshen gida ya yi ta ja da baya. Sai a 1978 aka mayar da shi harshen hukuma, a 1993 kuma Majalisar Amurka ta nemi gafara kan juyin mulkin.

Yau ana buga aloha a riguna da allunan otal, ana sayar da ita ga masu yawon buɗe ido. Mu ma muna iya yi wa kalmominmu haka. Sau nawa muke cewa "salama" ko "Allah ya sa albarka" a ƙofar majami'a, alhali ba ma ga-maciji da wanda muke gaisarwa? Sarauniyar ta yi wa waɗanda suka zalunce ta addu'a, ba ta kuwa daina kiran zaluncin da sunansa ba. Ran Lahadi mai zuwa, kafin mu miƙa hannu, bari mu tambayi kanmu ko a shirye muke mu biya kuɗin gaisuwar da za mu yi. Ubangiji ya taimake mu.