Turke Biyu: Yadda Iyayenmu Suka Koyi Tsayar Da Jirgi A Bakin Kwara

 A damunar da ta wuce wani yaronmu ya yi asarar buhunan albasa a bakin ruwan Anacha, kuma ba a tsakiyar kogi abin ya faru ba. Jirgin yana ɗaure. Igiya ɗaya aka sa masa a goshi, aka tafi neman 'yan dako. Iskar la'asar ta taso, gindin jirgin ya yi ta lilo har ya bugi na kusa da shi, kayan da aka jibga a sama suka zube cikin ruwa. Da muka je jaje, wani dattijo ya ce, "Ai a zamaninmu ko yaron jirgi ba zai yi wannan ɗaurin ba." Maganarsa ce ta sa muka ga ya kamata mu waiwayi baya.

Mu dai asalinmu mutanen tudu ne. Kakanninmu jaki da raƙumi suka sani. Da fatauci ya gangaro da su Lakwaja, ya wuce da su Ida har Anacha, sai suka zama baƙi a jiragen wasu: Kakanda, Igala, da Nufawan ruwa da ake kira Kede, waɗanda sarkinsu Kuta yake zaune a Muregi, inda kogin Kaduna ya shiga Kwara. Manyan kwale-kwalensu suna da rumfar tabarma, a ciki ake girki, a ciki ake kwana. To, wanda zai kwana da iyalinsa a kan ruwa dole ya san yadda zai hana jirgi yawo.

Dabararsu ba ta da wuya. Da farko goshin jirgi yana kallon inda ruwa yake fitowa, don ruwan ya tsage ya wuce ta gefe biyu. Sannan a kafa gora mai ƙarfi cikin yashi a goshi, a kafa wata a gindi, a ɗaure duka biyun. Inda zurfi ya fi ƙarfin gora, sai dutse da igiya. Duk mai kiwo zai gane dalili: akuya a turke ɗaya kewaya shi take yi iyakar tsawon igiyarta. Haka jirgi yake, ruwa yana ja nan, iska tana turawa can. Turke na biyu shi ke kashe wannan kewayen.

Daga baya jiragen Turawa masu hayaƙi suka shigo. A 1832 wani ɗan kasuwa, Macgregor Laird, ya kawo jirage biyu Kwara, ɗaya sunansa Quorra, ɗayan Alburkah, wato dai kalmarmu ta albarka. A 1854 Dakta Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, a 1857 kuma aka kafa wurin ciniki a nan Anacha. Kamfanin Royal Niger ya samu izinin mulkin kogin a 1886. Waɗannan jirage sun zo da anga ta ƙarfe da sarƙa, ga nauyi, amma kogin bai sauya hali ba. Yashi yana ƙaura daga shekara zuwa shekara, hanyar ruwa tana da ƙunci in rani ya yi, jirgin da ya juya a kan anga ɗaya sai ya wayi gari gindinsa a kan tudun yashi. Saboda haka su ma suka riƙa ƙara igiya a gindi zuwa gaɓa, ko su jefa ƙaramar anga ta biyu.

Waɗanda suka taɓa kai kaya Warri ko Burutu sun ga wani salo. A can ruwan teku yana shigowa ya koma sau biyu a kwana ɗaya, don haka inda ruwa yake fitowa da safe ba nan yake fitowa da rana ba. Sai a jefa anga biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, dukansu a ɗaure a goshi. Jirgin zai juya, amma a gurbi ɗaya, ba zai share fili ya bugi maƙwabci ba.

Me ya sa ilmin ya fara ɓacewa? A Disambar 1965 aka buɗe gadar Anacha da Asaba, mota ta ƙwace yawancin kayan da jirgi yake ɗauka. Aka gama madatsar Kainji a 1968, cikar ruwa da janyewarsa suka sauya daga yadda tsofaffi suka saba. Sannan inji ya shigo. Yaro ya iya tayar da inji cikin mako guda, sai a ce ya zama matuƙi, alhali bai taɓa kwana a jirgi ba balle ya san abin da igiya take yi da dare.

Amma fa har yau doyarmu, busasshen kifinmu da shinkafarmu daga ƙauyukan bakin kogi ta ruwa suke zuwa. Don haka ga abin da dattawa suka bar mana. A ɗaure goshi da gindi, goshi yana kallon sama. Kada a taɓa riƙe jirgi ta gindi kaɗai a ruwa mai gudu, domin ruwan zai hau ta baya ya cika shi. Igiyar anga ta ninka zurfin ruwa sau biyar ko fiye, don ta ja a kwance, angar ta kama ƙasa. In iska ta taso a sauke tamfol, shi ne yake kama iska ya kaɗa jirgi. Kaya masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya. A rataya tsofaffin tayoyi a gefe. Wanda ba shi da anga ta biyu, bokiti da aka ɗaure a gindi aka saki cikin ruwa yana rage lilon.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ambaliyar 2012 da ta 2022 suka tuna mana. A watan Satumba da Oktoba ruwa yana iya ƙaruwa cikin dare ɗaya. Igiyar da aka tamke ba sarari, in ruwa ya ɗaga jirgin, ita ce za ta danne gefensa har ya sha ruwa. Ɗauri biyu, amma da sassauci, kuma a bar mutum ɗaya ya kwana yana dubawa.

Mai kaya yana da bakin magana. Kafin ka bar bakin ruwa, ɗan'uwa, dubi yadda aka ɗaure jirgin da dukiyarka take ciki. In igiya ɗaya ka gani, ka ce a ƙara. Kuɗin igiya bai kai na buhu guda ba. Allah ya tsare mu, ya tsare dukiyarmu, a tudu da ruwa.