Kiran Waya ta Intanet: Nazari a kan Arha da Jinkirin Murya da Wanda ke Ɗaukar Nauyi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci kiran waya da ake yi ta intanet, irin na WhatsApp da takwarorinsa. An duba yadda fasahar ke aiki, da ma'aunin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, da wasu abubuwan da suka auku a Nijeriya da Nijar da Cadi. Hujjar maƙalar ita ce, wannan kira ya kashe kuɗin nisa, amma ya ɗora wa mai amsa kira nauyin da a da ba ya kansa.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin VocalTec na Isra'ila ne ya fara sayar da manhajar kira ta intanet a 1995. Skype ya biyo baya a 2003, ya yi tashen da har Microsoft ya saye shi a 2011 kan dala biliyan 8.5, kafin ya rufe shi a watan Mayun 2025. Sai dai yawancin Hausawa ba ta wannan ƙofa suka shiga ba. Wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a 2001, lokacin da kwamfuta ke hannun ɗaiɗaiku. Sai da WhatsApp ya ƙara kiran murya a 2015, da na bidiyo a 2016, sannan abin ya shiga kasuwa da tsakar gida.

2.0 Yadda Murya ke Tafiya

A kira na yau da kullum, kamfani kan keɓe wa masu magana hanya tasu har su gama. A kiran intanet kuwa, ana yanka murya ƙulli-ƙulli, galibi kowane ƙulli na ɗauke da milisakan 20, wato ƙulli hamsin a daƙiƙa ɗaya. Kowanne na tafiya da adireshinsa, yana cuɗanya da hotuna da bidiyon sauran jama'a. Wanda ya ɓace a hanya ba a cika sake turo shi ba, domin kafin ya iso zance ya wuce wurin.

Daga nan arhar ta samo asali. Adireshin kowane ƙulli yana cin bayit 40, wato kilobit 16 a daƙiƙa. In aka matse muryar kanta zuwa kilobit 16, aka haɗa zuwa da dawowa, lissafi zai ba da kusan rabin megabayit a minti ɗaya. Wannan kuɗi ba ya sauyawa, ko wanda ake kira yana Fagge ko yana Jidda. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke ciniki da wakilinsa a Guangzhou, da mahaifiyar da ɗanta ke karatu a Alkahira, da dangin da suka rabu tsakanin Maraɗi da zangon Kumasi, duk sun huta da kirga mintoci.

3.0 Wa ke Biya?

Tsohon tsari ya yi wa talaka wani rangwame da ba a cika lura da shi ba: mai kira ne kaɗai ke biya. A kan wannan ƙa'ida al'adar filashin ta ginu. Tsohuwar da ke ƙauye da ƙaramar waya mai madannai, ba ta buƙatar komai sai caji da sabis. Ta taɓa lambar ɗanta sau ɗaya ta kashe, shi kuma ya kira. Nauyi na kan mai hali, kamar yadda zumunci ya saba rabawa.

Kiran intanet ya rushe wannan. Dole kowane ɓangare ya mallaki babbar waya, ya sayi data, ya kasance inda sabis ɗin 3G ko 4G ke kaiwa, ya kuma iya cajin batirin da ba ya kwana biyu. Shi ya sa ake yawan jin “kunna datarki zan kira” ko “bari in turo maka data”. Kalmar “kyauta” da ake liƙa wa wannan kira, a ganin mai wannan nazari, ta fi dacewa da wanda ke birni ko ƙetare. Ƙarin farashin kira da data na kashi 50 cikin ɗari da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025, ya taɓa mai amsa kiran intanet kamar yadda ya taɓa mai bugawa.

4.0 Jinkiri da Gaisuwa

Shawarar ITU mai lamba G.114 ta nuna cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba, ba ya dagula hira, wanda ya haura 400 kuwa bai dace ba. Wannan ma'auni yana da nauyi na musamman a Hausa, saboda gaisuwarmu musaya ce ta gajerun jimloli masu bin juna ba tsaiko: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, yaya iyali. In murya ta makara da rabin daƙiƙa, sai yaro ya zaci dattijo ya yi shiru, ya ɗora tasa, ya katse shi ba da niyya ba. Daga nan zance ya koma “kana ji na?”

Akwai kuma batun tsawon wasali. Domin cike gurbin ƙullin da ya makara, manhaja kan ja sauti ko ta gajarta shi. Hausa kuwa da tsawon wasali take bambanta garin zama da garin tuwo. Mahallin zance kan ceci mai sauraro, amma sunan mutum da adadin kuɗi ba su da wannan gata, shi ya sa 'yan kasuwa kan bi kira da rubutu ko saƙon murya.

5.0 Rauni da Tsaro

Igiyar da kiran ya rataya a kai tana tsinkewa ta hanyoyi da dama. A ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da yawa. Gwamnatoci ma kan datse shi. Cadi ta toshe WhatsApp da sauran kafafe daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, Nijar kuma ta yanke intanet na salula kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. Ba a kuma kiran lambar gaggawa ta 112 ta WhatsApp.

Ta fuskar sirri, tun 2016 WhatsApp ke kulle kira ta yadda kamfanin sadarwa ba ya iya saurare. Duk da haka, a 2019 an gano cewa an yi amfani da kiran WhatsApp wajen dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wayoyi kimanin 1,400, ko da mai wayar bai ɗaga ba. Barazanar da ta fi kusa da talaka ba ta kai wannan ƙwarewa ba: wani ne zai kira da muryar ladabi, ya ce an sa ka a taron ƙungiya, ya nemi ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka, ya ƙwace WhatsApp ɗinka da su, kafin la'asar yana roƙon danginka kuɗi da sunanka.