Daga Taswirar Gobara zuwa Manhajar Ƙiyasin Asara

Duk wani babban kamfani a Turai ko Amurka da ya mallaki rassa da ɗakunan ajiya da masana'antu a ƙasashe daban-daban, yau za ka tarar yana da ofishi guda da aikinsa shi ne sanin halin da gine-ginen nan suke ciki. Wanne ne ke bakin kogi, wanne ke inda ƙasa ta saba girgiza, wanne hayarsa ta kusa ƙarewa, kuma in guguwa ta ratsa gari kaza, nawa za a yi asara? Manhajar kwamfuta ce ke ba da amsa, masu sayar da ita kuma kan yi tallarta kamar jiya aka fara wannan tunani. A ganina sana'a ce da ta haura shekara 300, kuma gobara ce ta haife ta.

A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi daga wani gidan burodi a Landan, ta yi kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje kusan 13,200 da majami'u 87. Cikin waɗanda suka samu abin yi a sake ginin birnin akwai Nicholas Barbon, likita ne da ya bar duba marasa lafiya ya koma harkar gidaje. A 1680 ya buɗe ofishin inshorar gobara, ya kuma kafa wata ƙa'ida mai sauƙi: mai gidan katako zai biya ninki biyu na abin da mai gidan jan bulo ke biya. Duk lissafin da kwamfutoci ke yi a yau daga wannan ƙa'ida ya tsiro, wato a dubi abin da aka yi gini da shi kafin a yanke farashin haɗarinsa.

Sai dai kamfanin inshora da ke zaune a babban birni ba zai iya zuwa ya ga kowane shago a kowane ƙaramin gari ba. Kuma gobara ba ta tsayawa a gida ɗaya, maƙwabcin da ke sayar da kananzir ya shafe ka ko da gidanka na dutse ne. Wannan ya sa aka koma ga taswira, kuma a nan ne zan fi daɗewa, don ban san wani aikin safiyo da ya kai wannan ƙwaƙƙwafi ba.

Daniel Sanborn safiyo ne daga jihar Masacusets. A 1866 kamfanin inshora na Aetna ya ɗauke shi ya zana masa wasu garuruwan jihar Tenesi, shekara guda bayan haka ya kafa kamfaninsa a Niyok. Ma'aikatansa da ƙafa suke bin gari, layi-layi, da awo da littafin rubutu. Inci ɗaya a takarda yana madadin ƙafa 50 a ƙasa, don haka kowane gini ya samu wurin da za a zana shi da ƙofofinsa. Launi ke faɗin abin da aka gina shi da shi: ja-ja na bulo, rawaya na katako, shuɗi na dutse. A kan zanen ake rubuta yawan benaye, irin rufin, kaurin bango, inda tagogi suke, da sana'ar da ake yi a ciki. In masana'anta ce, har a rubuta ko akwai mai gadi da dare, da abin da ake haska wurin da shi. Faɗin titi, girman bututun ruwan da ke ƙarƙashinsa, da nisan ofishin 'yan kwana-kwana, duk suna ciki. Da haka suka zana garuruwa wajen 12,000. Wani injiniya, Charles Goad, ya fara irin wannan aiki a Kanada a 1875, daga baya ya kai shi Ingila.

Yadda ake amfani da taswirar ya fi burge ni. Manyan kundaye ne masu nauyi, kowane kamfani da nasa. In aka sayar da inshora a kan wani gini, akawu zai buɗe shafin ya rubuta adadin kuɗin da fensir a kan ginin. Shugaba na duba shafi ya ga fensir ya yi yawa a unguwa ɗaya, sai ya ce a tsaya haka, don wuta ɗaya za ta iya cinye su duka a dare ɗaya. Ba tsoron banza ba ne, gobarar Shikago ta 1871 ta karya kamfanonin inshora da dama. In kuma aka rushe gida aka yi sabo, ba a sake buga kundin. Kamfanin Sanborn na da ma'aikata masu yawo ofis-ofis da almakashi da gam, suna liƙa ƙaramar takardar gyara a kan tsohon zanen. Wasu shafukan sai da suka yi kauri saboda yawan liƙi.

Akwai wata hanya ta daban da ta taso daga wajen masu gine-ginen kansu. Zachariah Allen, mai masaƙa a jihar Rod Ailan, ya kashe kuɗi ya kare masaƙarsa daga wuta, ya nemi a rage masa kuɗin inshora aka ƙi. A 1835 ya haɗa kai da wasu masu masaƙu suka kafa inshorarsu ta taimakon juna, bisa sharaɗin sai wanda ya yarda a zo a duba masana'antarsa zai shiga. Daga nan kamfanin da ake kira FM Global har zuwa 2024 ya samo asali, kuma har yau injiniyoyi yake turawa su hau rufi su duba famfunan kashe wuta.

Daga shekarun 1950 taswirar ta fara mutuwa. Garuruwa sun yi faɗin da ba a iya bin su da ƙafa, kamfanoni sun yi ƙarfin da suke ganin gobarar unguwa ɗaya ba za ta kayar da su ba, kuɗin ajiye kundaye da masu kula da su kuma ya yi yawa. Aka ajiye fensir, aka koma duba tarihin diyyar da aka biya a 'yan shekarun baya, a ɗora ɗan ƙari a kai. Ga gobarar gida ko haɗarin mota wannan ya wadatar, don kullum suna faruwa. Ga bala'in da ke zuwa sau ɗaya a shekara ɗari kuwa, makanta ce. Daidai lokacin ne jama'a ke tururuwa zuwa gabar tekun Fulorida suna gine-gine, kuma aka yi shekaru babbar guguwa ba ta faɗa wa yankin ba. Kamfanoni suka yi ta sayar da inshora ba tare da sanin nawa suka tara a wuri ɗaya ba, abin da akawun 1900 yake gani da ido.

Kayan aikin da za su cike wannan giɓi a hankali suka taru. Roger Tomlinson ya fara ɗora taswirar ƙasa a kwamfuta don gwamnatin Kanada a shekarun 1960. Jack da Laura Dangermond suka kafa Esri, kamfanin manhajar taswira, a Kaliforniya a 1969. AutoCAD ya fito a 1982, ya mayar da zanen gini abin da ƙaramar kwamfuta ke iya riƙewa, daga nan kuma manhajoji irin su Archibus suka fara haɗa zanen ofis da bayanan wanda ke zaune a ciki da abin da ake kashewa.

Wadda ta haɗa waɗannan da maganar bala'i ita ce Karen Clark. Tana aiki a wani kamfanin inshora a Bostan ta lura ba wanda ke da amsar tambayar nan ta asarar guguwa. Ta wallafa maƙala a kai a 1986, ta kafa kamfaninta, AIR, a 1987. Dabararta ita ce, tunda tarihin guguwa da aka rubuta bai da tsawo, a sa kwamfuta ta ƙirƙiro guguwoyi na dubban shekaru bisa ɗabi'ar waɗanda aka sani, kowace da hanyarta da ƙarfin iskarta. Sai a bi da kowace ta kan gine-ginen da ke tsaye a yau, a ƙiyasta abin da iska mai gudu kaza za ta yi wa rufin katako ko na kankare, a mayar da ɓarnar kuɗi. Kusan lokaci guda Hemant Shah da abokan aikinsa daga jami'ar Stanford suka kafa kamfanin RMS, su kuma da girgizar ƙasa suka fara.

Da farko ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Guguwar Hugo ta 1989 ta ci wa kamfanonin inshora kimanin dala biliyan 4, kuma ana ganin wannan ya kusa ƙurewa. Ranar 24 ga Agusta, 1992, guguwar Andrew ta sauka kudu da Mayami. Sa'o'i kaɗan bayan haka Clark ta aika wa abokan cinikinta saƙon cewa asarar za ta iya wuce dala biliyan 13. Da yawa suka ce wasa take yi. Da aka gama ƙidaya sai aka samu kimanin biliyan 15.5, kamfanoni 11 suka durƙushe. Girgizar ƙasa ta Northridge a Kaliforniya a Janairun 1994 ta yi wa masu shakkar RMS irin wannan darasi. Tun daga nan babu mai sanya kuɗi mai yawa a inshorar gine-gine bai tambayi manhaja ba. A 2021 kamfanin Moody's ya sayi RMS a kan kusan dala biliyan 2.

Abin da ba a cika faɗa ba a labarin Andrew shi ne, binciken da aka yi bayanta ya nuna gidaje da yawa ba a gina su yadda dokar gini ta tanada ba, rufi ba a ɗaure shi da kyau ba. Kwamfuta ta san gudun iska, amma ba ta san ƙusa nawa kafinta ya buga ba. A 2005 guguwar Katrina ta zo, mafi munin abin da ya samu birnin Niyu Olins ba iska ba ce, katangun tare ruwa ne suka fashe, kuma ƙiyasin farko bai hango girman hakan ba. A 2011 ambaliya ta shanye rukunonin masana'antu a arewacin Bankok na ƙasar Tailan, har da na Honda da Western Digital. Sai ga kamfanoni a Japan da Amurka sun tsaya cik don kayan da suke jira daga kwari ɗaya suke fitowa, alhali ba wanda ya tara wannan a shafi ɗaya ya gani. Ita kanta Clark ta bar AIR a 2007, ta yi ta jan kunnen mutane kada su ɗauki lambar da manhaja ta fitar tamkar yankan wuƙa.

Wata matsalar kuma ta sirri ce. Taswirar Sanborn kowa ya buɗe zai iya cewa wannan gidan ba na bulo ba ne, a gyara. Manhaja kuwa dukiyar kamfani ce, lissafin cikinta a kulle yake, ga shi da ita ake yanke abin da mai gida zai biya. Jihar Fulorida ta kafa hukuma a 1995 don binciken waɗannan manhajoji kafin a yarda da su, kuma ina ganin ta yi daidai. Abin da zai sa a ƙara wa mutum kuɗi ko a ƙi karɓar gininsa, ya kamata a samu wanda zai iya tuhumarsa.

Tsofaffin kundayen ba su tafi a banza ba. Dokar Amurka ta 1980 kan gurɓatattun filaye tana iya ɗora wa mai fili kuɗin tsabtace shi ko da ba shi ya zuba gubar ba. Saboda haka kamfanin da zai sayi fili yanzu sai ya sa an binciko masa taswirar Sanborn, a ga ko an taɓa yin gidan mai ko majema a wurin shekara 80 da suka wuce. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka yana ajiye da shafuka wajen 700,000, an kuma ɗora da yawansu a intanet.

Mu da muka ga yadda wuta ta cinye kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016, da kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023, sau da yawa in an zo maganar gyara sai a fara da batun sayo na'ura. Su can ba da na'ura suka fara ba. Sun yi kusan shekara ɗari suna aunawa da rubutawa kafin kwamfuta ta samu abin da za ta lissafa. Shugabannin kasuwa da ke son a rage musu asara, su fara ɗauko safiyo ya bi rumfa-rumfa, ya rubuta abin da aka gina ta da shi, da kayan da ke ciki, da inda wayar lantarki ta bi, da ƙofar da motar kashe gobara za ta iya shiga.