Farfaɗiya: yadda sababbin magunguna ke hana ciwon tashi

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar lantarki da sinadarai. Farfaɗiya tana tashi idan ɗimbin ƙwayoyin suka saki saƙo a lokaci guda fiye da kima. Aikin magani shi ne rage wannan ambaliya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke fama da ciwon, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan suka sami kulawar da ta dace.

An fara amfani da phenobarbital, wanda ake kira Gardénal a ƙasashe rainon Faransa, tun 1912. Yana aiki, yana da araha, amma yakan sa barci da kasala. Magungunan da suka fito daga shekarun 1990 zuwa yau kowanne da inda yake tarar ciwon.

Lamotrigine da lacosamide suna danne ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga ƙwayar, sai ta kasa maimaita saƙo da sauri. Levetiracetam, wato Keppra, yana manne wa wani furotin mai suna SV2A da ke bakin jijiya, ya rage sinadaran da ake fesawa zuwa ƙwaya ta gaba. Perampanel yana toshe wurin da glutamate, sinadarin da ke zuga ƙwayoyin, ke sauka. Vigabatrin kuwa yana hana rushewar GABA, sinadarin da ke zaman birkin ƙwaƙwalwa.

Fifikon sababbin ba a ƙarfi yake ba, ya fi fitowa a sauƙin illa. Levetiracetam galibi ta ƙoda yake fita, don haka ba ya cika karo da wasu magunguna. Shi da lamotrigine sun fi valproate, wato Dépakine, aminci ga mai juna biyu, domin valproate na iya nakasa ɗan tayi. Duk biyun suna cikin jerin muhimman magunguna na hukumar: lamotrigine tun 2017, levetiracetam tun 2023.

Su ma suna da illarsu. Lamotrigine na iya fesar da ƙuraje masu haɗari, shi ya sa likita ke farawa da kaɗan. Levetiracetam kan sa saurin fushi, vigabatrin na iya rage gani.

Magungunan suna hana ciwon tashi ne, ba sa tumɓuke tushensa. Daina sha kwatsam ba da iznin likita ba na iya jawo doguwar jijjiga mai kisa.